Wa Ke da Hanyar da Saƙonka Ke Bi?

 Shirinmu na yau zai taɓa wani abu da ke hannun kowa amma ba kowa ke tsayawa ya dube shi ba, wato saƙon nan take da muke aika wa juna ta wayar salula. Bari mu fara da tambaya. Mai layin MTN yana kiran mai layin Glo ko Airtel, kiran ya shiga, su gaisa, su yi cinikinsu, ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa sai ka sauya layi kafin mu yi magana. Mai adireshin imel na Gmail yana aika wasiƙa ga mai na Yahoo, ta isa lafiya. To me ya hana mai WhatsApp ya aika ko da gaisuwar safe ga mai Telegram? Mutane da yawa suna zaton haka fasahar take, kamar yadda ruwa ba ya hawa tudu. Alhali shawara ce da kamfanoni suka yanke don amfanin kansu, kuma akwai mutanen da suka shafe fiye da shekara ashirin suna rubuta manhajojin da ke nuna cewa ana iya yin abin ta wata hanya. Ra'ayina shi ne aikin waɗannan mutane aikin gayya ne da ya shafi kowa, kuma lokaci ya yi da matasanmu masu rubuta manhaja za su sa hannu a ciki. Zan kawo hujjojina, in kuma kawo na masu musu, domin wasu daga cikinsu suna da ƙarfi.

Kafin na'ura biyu su fahimci juna, dole su yi ittifaƙi a kan yadda za a tsara magana: ina za a rubuta sunan mai aikawa, ina na mai karɓa, da wace alama za a san saƙo ya isa. Wannan yarjejeniyar ita ake kira ƙa'idar sadarwa. Ku ɗauke ta kamar mudu a kasuwar hatsi. Idan mudun kasuwa sananne ne, kowa ya san girmansa, kowane maƙeri zai iya ƙera irinsa, kuma baƙo daga wani gari zai saya ya sayar ba gardama. Idan kuwa wani attajiri ne ya ɓoye mudun a ɗakinsa, ya ce ba a awo sai a rumfarsa, to kasuwar ta zama tasa ko da bai noma ko zangarniya ɗaya ba. Imel yana tafiya tsakanin kamfanoni ne saboda ƙa'idarsa a buɗe take tun 1982, lokacin da Jon Postel ya wallafa ta kowa ya karanta. Kiran waya yana ratsa layuka ne saboda ƙa'idojin bai ɗaya ne, kuma a Najeriya hukumar NCC ta wajabta wa kamfanoni su haɗa layukansu, har a 2013 ta ba mutum damar komawa wani kamfani da lambarsa. Saƙon nan take ne kawai aka bar shi a rumfar attajirai.

Rigimar ba sabuwa ba ce. A ƙarshen shekarun 1990 akwai ICQ, wadda ta fito a 1996, da ta kamfanin AOL a 1997, da ta Yahoo, sannan Microsoft ta fito da MSN Messenger a 1999, kowacce da katangarta. A wannan shekarar Microsoft ta yi dabarar da masu amfani da manhajarta za su riƙa magana da mutanen AOL, AOL ta toshe, Microsoft ta sake huda wata ƙofa, aka sake toshewa, aka yi ta wannan kai da kawo har Microsoft ta haƙura. A cikin wannan yanayi ne wani mai rubuta manhaja daga jihar Iowa ta Amurka, Jeremie Miller, ya sanar da aikinsa mai suna Jabber a farkon 1999. Manufarsa mai sauƙi ce: a yi wa hira irin tsarin da aka yi wa imel. Kowa ya samu adireshi mai kama da na imel, sunanka sannan sunan gidan da ka yi rajista. Kowane gida yana da babbar kwamfutar da ke karɓar saƙo ta isar, wadda ake kira uwar garke. Idan ka rubuta wa wanda ke wani gida, uwar garkenku ce za ta nemi tasu ta miƙa mata. Jami'a za ta iya kafa tata, kamfani ya kafa tasa, har mutum ɗaya ya kafa don iyalinsa, duk kuma su yi magana da juna. A 2004 ƙungiyar IETF, wadda ke tsara ƙa'idojin intanet, ta amince da tsarin da sunan XMPP, ta sake sabunta shi a 2011. Takardun suna nan a intanet kyauta, ba a neman izinin kowa kafin a yi aiki da su.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin da ya fi muhimmanci a wannan tarihi. Manyan kamfanoni sun rungumi XMPP hannu biyu-biyu. Google ta gina Google Talk a kansa a 2005, a farkon 2006 kuma ta buɗe ƙofa ta yadda mai adireshin Google zai yi hira da mai adireshin kowane gida. Facebook ta ba da damar shiga hirarta da manhajojin XMPP a 2010. Shi kansa WhatsApp, da Jan Koum da Brian Acton suka kafa a 2009, an gina shi ne a kan wani nau'in XMPP da suka gyara, da manhajar uwar garke mai suna ejabberd wadda Alexey Shchepin ya fara rubutawa a 2002 ya bar ta kyauta ga duniya. Da jama'a suka taru, sai ƙofofi suka fara rufewa. A 2013 Google ta koma Hangouts, wadda ba ta magana da gidajen waje. A 2015 Facebook ta janye nata tallafin. WhatsApp kuwa tun farko bai buɗe ƙofarsa ga wani gida ba, kuma a 2014 Facebook ta saye shi a kan kuɗi kimanin dala biliyan 19. Ku tambayi kanku me aka saya da waɗannan maƙudan kuɗi. Tushen fasahar kyauta aka same shi. Abin da aka biya kuɗinsa shi ne ɗaruruwan miliyoyin mutanen da ke ciki, waɗanda ba za su iya fita ba sai sun rabu da abokan hirarsu.

Mu ma a nan mun ɗanɗana abin da zaman haya ke jawowa. Waɗanda suka yi zamanin wayar BlackBerry suna tuna yadda lambar BBM ta zama abin taƙama, ana musayarta kamar katin kasuwanci. A ƙarshen watan Mayu na 2019 aka rufe BBM na jama'a, lambobin suka zama ba su da amfani. Waɗanda suka yi zamanin 2go sun san yadda dandalin ya cika ya batse sannan ya watse, kuma ba wanda ya iya ɗaukar jerin abokansa ya tafi da shi. Ranar 4 ga Oktoba 2021, wani kuskure a cikin na'urorin Facebook ya tsayar da WhatsApp da Instagram da Facebook ɗin kansa na kimanin awa shida a duniya baki ɗaya. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ke tura hotunan kaya ga abokan ciniki, da mai neman labarin mara lafiya a asibiti, duk sai da suka zauna jiran wasu injiniyoyi a Kaliforniya. A tsarin da gidaje suke da yawa, idan ɗaya ya faɗi sauran suna ci gaba da aiki, kamar yadda matsalar Yahoo ba ta hana mai Gmail aika wasiƙa.

Sai dai akwai wani abu da masu kishin buɗaɗɗiyar ƙa'ida suka daɗe ba su so su ji ba. Takarda ba ta isar da saƙo. Komai kyan ƙa'ida, idan manhajar da aka rubuta a kanta tana cinye caji, ko tana zubar da saƙo a hanya, jama'a za su guje ta, kuma suna da gaskiya. An tsara Jabber ne a lokacin da mutum ke zaune gaban kwamfutar tebur mai wayar intanet a jone. Wayar salula ta zo da wata rayuwa dabam: sabis ya zo ya ɗauke, mutum ya shiga mota ya wuce wurin da babu sanda ko ɗaya, wayar ta kashe manhaja don tattalin batir. Shekaru da dama manhajojin XMPP sun yi ta tuntuɓe a nan, kuma a wannan giɓin ne WhatsApp ya wuce su. Gyaran ya zo ne da hannun masu rubuta manhaja, ta hanyar ƙarin ƙa'idoji da gidauniyar XMPP ke tattarawa tana ba su lamba. Mai lamba 198 ta sa wayar da uwar garke suna ƙirga abin da kowannensu ya karɓa, ta yadda idan sabis ya yanke ya dawo za a ci gaba daga inda aka tsaya ba tare da saƙo ya ɓata ba. Mai lamba 313 ta sa uwar garke tana adana hira don wayar da ta daɗe a kashe ta karɓi abin da ya wuce ta. Mai lamba 280 ta sa saƙo ya bayyana a waya da kwamfuta lokaci guda. Wata kuma tana ba wayar damar shaida wa uwar garke cewa mai ita ba ya kallon allo, a dakata da ƙananan sanarwa don kada a ɓata data da caji. Daniel Gultsch na Jamus ya fito da manhajar Conversations ta wayoyin Android a 2014, ya nuna cewa idan aka haɗa waɗannan gyare-gyare da kyau, XMPP yana aiki a waya lami lafiya. A 2015 wani ɗalibi, Andreas Straub, ya ƙirƙiro OMEMO, hanyar kulle saƙo ta yadda daga mai aikawa sai mai karɓa ne za su iya karanta shi, ko uwar garken da ta ɗauko shi ba ta san abin da ke ciki ba.

Suka mafi nauyi ya fito ne daga mutumin da ya san aikin ciki da waje, Moxie Marlinspike, wanda ya kafa manhajar hira ta Signal. A 2016 ya rubuta cewa tsarin da ke da gidaje masu yawa yana daskarewa, domin duk sauyin da za a yi sai an shawo kan mutane da dama, alhali kamfani ɗaya yana iya sauya komai cikin ƙanƙanin lokaci. Ya ba da misali da imel, wanda har yau yawancinsa ba a kulle yake daga mai aikawa zuwa mai karɓa ba, yayin da WhatsApp ya kulle hirar mutane biliyan ɗaya a 2016 da sabuntawa kawai. Wannan magana gaskiya ce, kuma duk wanda ya taɓa aika saƙon murya daga wata manhajar XMPP zuwa wata ya ga bai buɗe yadda ya kamata ba ya san zafinta. Amma ba ta cika ba. Na farko, tsarin mai gidaje da yawa yana motsi idan masu shi suka so: masu gudanar da gidajen XMPP da dama sun sa hannu a wata yarjejeniya, a watan Mayu na 2014 kuma suka fara ƙin karɓar duk haɗin da ba a kulle ba tsakanin gida da gida. Na biyu, makullin da WhatsApp ya yi amfani da shi na Signal ne, kuma ya samu damar ɗaukarsa ne saboda an wallafa shi a fili masana sun bincika, kamar yadda OMEMO ma daga can ya samo tushensa. Na uku, hannun da ke iya kulle hirar mutane biliyan ɗaya a dare ɗaya shi ne kuma ke iya sauya musu sharuɗɗa a dare ɗaya. An ga haka a farkon 2021, lokacin da WhatsApp ya sanar da sabbin sharuɗɗan sirri ya ce kowa ya amince ko ya rasa asusunsa, hayaniyar da ta tashi ta sa ya ɗage wa'adin. Saurin da Marlinspike ke yabo yana da amfani matuƙar mai riƙe da linzami mutumin kirki ne, kuma kamfanoni suna sauya hannu.

Wani zai ce duk wannan zance ne, tunda uwata da abokan cinikina da ƙungiyar unguwarmu duk suna WhatsApp. Ba na cewa kowa ya goge WhatsApp gobe, yin haka yanke zumunci ne ba tare da riba ba. Amma ba daga ɗaiɗaikun mutane sauyi irin wannan ke farawa ba, daga hukumomi yake farawa. Gwamnatin Faransa ta ƙaddamar da manhajar Tchap a 2019 don ma'aikatanta, an gina ta a kan Matrix, wata buɗaɗɗiyar ƙa'ida da aka fara a 2014. Rundunar sojan Jamus ma ta gina tata a kan Matrix. Dalilinsu ɗaya ne: ba su yarda hirar aikin gwamnati ta zauna a na'urar kamfanin wata ƙasa ba. Tarayyar Turai kuma ta yi dokar kasuwannin fasahar zamani, wadda daga Maris 2024 ta wajabta wa WhatsApp da Messenger na Facebook su buɗe ƙofa ga wasu manhajojin da suka nemi haɗuwa da su. Dokar ta tsaya a Turai, ba ta shafe mu ba, amma ta rushe hujjar cewa abin ba zai yiwu ba. Idan ƙasashen da suka fi mu kusanci da Amurka suna wannan tunani, ya dace jami'a ko asibitin koyarwa a Kano ko Zinder su tambayi kansu ko daidai ne bayanan marasa lafiya da takardun jarrabawa su riƙa yawo a zaurukan hirar da ba su da iko a kansu.

Akwai kuma sukan tsaro, wanda ba zan raina ba. Buɗaɗɗiyar ƙa'ida ba ta mai da kowane mai gida amintacce. Wanda ya kafa uwar garke yana iya ganin wa ke magana da wa, da wane lokaci, ko da bai iya karanta saƙon ba. Yana iya yin sakaci da sabunta manhaja, yana iya gajiya ya rufe gidan, kuma idan adireshinka da sunan gidansa yake, sai ka sanar da mutanenka sabon adireshi. Masu aika saƙonnin banza da 'yan damfara ma suna samun ƙofa a duk inda rajista take kyauta. Bambancin shi ne akwai mafita. Ƙungiyar da ta mallaki sunan gidanta a intanet za ta iya sauya wanda ke kula mata da uwar garke ba tare da adireshin kowa ya sauya ba, kuma rubutun manhajojin a fili yake, masani na iya dubawa ya ga ko akwai ɓoyayyiyar ƙofa. Batun kuɗi ma yana nan, domin mai rubuta manhaja yana cin abinci. Wasu suna sayar da manhajar da ɗan kuɗi kaɗan, wasu kamfanoni kamar ProcessOne na Faransa suna cin abinci da kula da ejabberd ga manyan abokan ciniki, gidauniyar NLnet ta ƙasar Holan kuma ta tallafa wa ayyukan XMPP da dama. Duk da haka yawancin aikin yana kan wuyan mutane ƙalilan, kuma wannan ƙarancin hannu shi ne babban raunin tsarin.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Yawancin masu rubuta waɗannan manhajoji suna Turai da Amurka, inda wuta ba ta ɗaukewa, wayoyinsu kuma masu tsada ne. Ba su san wayar da ma'ajiyarta ta cika har sai an goge hoto kafin a karɓi wani ba. Ba su san mai sayen data ta naira ɗari yana lissafin kowane hoto ba. Ba lallai su san cewa a wurinmu saƙon murya ya fi rubutu muhimmanci ba, saboda dattijuwar da ba ta karatun boko da shi take gaisawa da jikokinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙa'idar XMPP ta wajabta amfani da tsarin haruffa na UTF-8, wanda ke ɗauke da haruffanmu masu lanƙwasa da haruffan Larabci da ake rubuta ajami da su, amma sai wani ya gwada ya ga ko bincike a cikin hira yana gane kalmar da aka rubuta da ƙ, ko ajami yana jeruwa daga dama zuwa hagu ba tare da wasulla sun tarwatse ba. Fassara manhaja zuwa Hausa ma ba ta bukatar izinin wani kamfani, ana shiga ne a fassara, a tura, masu aikin su duba su haɗa.

Ga ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ke saurarenmu, hanyar shiga ba ta da tsada. Manhajar uwar garke mai suna Prosody, wadda Matthew Wild ya jagoranci rubutawa da harshen Lua, ba ta da nauyi, tana aiki a tsohuwar kwamfuta, kuma za a iya kafa ta a ɗakin gwaji na makaranta ta haɗa wayoyin ɗalibai ko babu intanet na waje. Wanda ya iya Python zai samu kayan aiki mai suna slixmpp, wanda ya iya Java zai samu Smack, da su zai rubuta ƙaramar manhajar da ke amsa tambaya ko tura sanarwar aji. Takardar ƙa'idar XMPP ta IETF mai lamba 6120 doguwa ce, amma ginshiƙinta abu uku ne: saƙo, da sanarwar cewa mutum yana nan ko ba ya nan, da tambaya mai neman amsa. Wanda bai kai ga rubuta manhaja ba tukuna yana da aikin da ba wanda zai yi shi kamarsa: ya saka Conversations a wayarsa, ya hau mota daga Gusau zuwa Sakkwato, ya lura da inda saƙo ya maƙale da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya tafi bayan sabis ya dawo, ya rubuta rahoto dalla-dalla da nau'in wayarsa ya tura wa masu aikin. Irin wannan rahoto ne suke gyara da shi, kuma daga Jamus ba za su iya samo shi da kansu ba.

Nan za mu dakata a shirin na yau. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.